Daga Jagaba zuwa Tauraron Ɗan Adam: Tarihin Neman Hanya a Ƙasar Gangara da Batun Zaɓen Na'urar GPS

Gabatarwa

Ɗaliban da ke shirin fita bincike a karkarar jihar Maraɗi sukan zo mana da tambaya ɗaya: wace irin na'urar GPS ya kamata a saya, kuma a ina za a ɗaura ta a jikin mota? Tambaya ce da ta yi kama da ta bakin gareji, amma muna ganin ba za ta amsu ba sai an koma ga tarihi. A cikin wannan maƙala za mu ɗauki ƙasar Gangara, kudu da Gazawa, tare da ƙasashen Agye da Gidan Rumji, domin mu bi diddigin yadda matafiyi ya riƙa gane hanyarsa a wannan yanki tun daga tsakiyar ƙarni na 19. Matsayinmu shi ne: na'urar GPS ta gaji aikin ma'aunin ƙasa ne, wato ta gaya wa mutum inda yake tsaye. Aikin jagaba kuwa, wanda shi ne sanin hanyar da ke biyuwa a yau, har yanzu bai samu magaji ba. Duk zaɓen na'urar da bai lura da wannan bambanci ba, zaɓe ne na wata ƙasa daban.

Dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina

A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya tashi daga Tasawa ya sauka Gazawa, sa'an nan ya bi ayarin gishiri zuwa Katsina. Abin da ya tarar tsakanin garuruwan biyu daji ne da ba kowa ke kwana cikinsa ba. Tun bayan jihadi, lokacin da sarautar Katsina ta Haɓe ta koma arewa ta kafa Maraɗi, wannan fili ya zama tsakanin abokan gaba biyu, mahara na kai da komo a cikinsa. Barth ya wuce ta kufan Dankama, inda sarautar ta yi faɗuwarta ta ƙarshe kafin ta sake tashi. Ayari ba ya ratsa irin wannan wuri da ka. Akwai madugu da ke riƙe da ragamar tafiya da sha'anin fito da sarakuna, akwai kuma jagaba da ke gaba, wanda ya san rijiyar da ke da ruwa a wannan wata, da zangon da aka daina sauka, da inda aka ga sawun dawaki kwana biyu da suka wuce. Iliminsa na lokaci ne kamar yadda yake na wuri.

Shi kuwa Barth, kamfas da agogo ne kayan aikinsa. Yana rubuta fuskar da aka dosa da mintocin da aka yi ana tafiya, daga baya August Petermann ya mai da waɗannan alƙaluma taswira a Turai. Ke nan tun ranar farko ilimi iri biyu ne suka yi tafiya cikin ayari ɗaya: na jagaba ya kai mutane Katsina da ransu, na Bature ya samar da layi a kan takarda. Layin ya rayu a ɗakunan karatu. Abin da jagaba ya sani a wannan makon kuwa, ya tafi da makon.

Masu awo da taurari

Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu ran 14 ga Yuni 1898 ta raba wannan ƙasa da alƙaluman da babu wanda ya taɓa aunawa a filin: da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, sa'an nan layin digiri 14, sa'an nan layin digiri 13 da minti 20, wanda ya ratsa ƴan kilomitoci kaɗan kudu da Gazawa. A kan takarda abin ya yi tsaf. A ƙasa kuwa Faransawa sun tarar ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Gyare-gyaren 1904 da 1906 ne suka turo iyakar kudu, Maraɗi ta faɗo ɓangaren Faransa. Abin lura a nan shi ne, tambayar jagaba ce, wato ina ruwa yake, ta tilasta wa manyan dauloli biyu sake zanen da masu lissafi suka yi.

Daga 1906 zuwa 1908 tawagar Kyaftin Jean Tilho da ta Manjo O'Shee suka bi iyakar suka kafa alamomi 148 tsakanin Kwara da tafkin Cadi. Yadda suka gano matsayin kowane wuri ya cancanci mu ɗan tsaya a kansa, domin shi ne kakan abin da ke cikin wayoyinmu a yau. Nisan wuri daga tsakiyar duniya zuwa arewa ba ya wuyar samu, tsayin tauraro a sama ya isa. Matsalar tana wajen gabas da yamma, inda dole sai an kwatanta lokacin wurin da lokacin Paris ko na Girinic, wanda ake ɗauke da shi cikin agogunan da ke shan zafi da girgiza a kan ƴan dako da dabbobi. Kuskuren daƙiƙa 4 a agogo yana kawar da wuri da kusan kilomita 1,8 a wannan yanki. Saboda haka ma'auni yakan kwana yana duban taurari domin ya samu matsayin gari guda. Tsarin GPS ma agogo ne, sai dai an ɗauke shi daga akwati an kai shi sama: taurarin ɗan Adam da ke shawagi a nisan kimanin kilomita dubu 20 suna watso lokaci, na'ura tana auna jinkirin isowar saƙon daga aƙalla huɗu daga cikinsu. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa a nan mita 300 ne. Aikin da Tilho ke yi a dare guda na'ura tana yin sa cikin ƙiftawar ido, amma aikin dai shi ne, bai ƙaru da kome ba.

Taswirar da ta tsufa kafin ta yage

Taswirorin ma'auni 1/200 000 da cibiyar IGN ta Faransa ta buga, bisa hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a shekarun 1950, su ne suka zama abokan tafiyar kowane ma'aikaci bayan samun ƴancin kai. Kyawawan taswirori ne. Aibinsu ɗaya: sun kama ƙasar ne a daidai lokacin da take canza kama. Masu binciken Jami'ar Bordeaux da suka yi aiki a Maraɗi ƙarƙashin jagorancin Claude Raynaut sun kwatanta waɗannan hotuna da na 1975, suka nuna yadda gonaki suka cinye daji da saura cikin shekaru ashirin kacal. Zaman lafiya, da noman gyaɗa, da yawan jama'a, sun mai da dajin da Barth ya ratsa cikin tsoro ƙasar da ƙauye ke hangen ƙauye.

Wannan ya juya matsalar direba gaba ɗaya. A da, haɗarin shi ne rashin hanya. Yanzu kuwa yawanta ne. Da zarar an sauka daga kwaltar da ta haɗa Gidan Rumji da Agye da Gazawa da Tasawa, sai a shiga saƙar sawun amalanke da babura, kowane ƙauye da bakinsa biyar ko shida. Hanyar da aka bi da rani ta tsakiyar gonaki, da damina ta koma kunyar hatsi. Ƙasar jigawa tana riƙe mota da rairayi a watan Afrilu, ta yi daɗin bi bayan ruwan farko. Geza kuwa da fadamun kwarin Gulbin Kaba akasin haka suke, ƙarfe da rani, taɓo da damina. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke fitowa a layin da aka zana a 1950 da wani abu.

Akwai wani labari da ya shahara wanda ya dace da wannan wuri. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya tsaya a hanyar daji yana rage iskar tayoyinsa domin ya ratsa rairayi, sai ya lura cewa ƴan tsirran da ke gefen hanya tohon tsofaffin kututture ne. Daga nan aka ƙarfafa abin da manoma ke kira sassaben zamani, wanda ƙauyen Ɗan Saga na ƙasar Agye ya yi suna da shi. Ba tarihin itatuwa ne ya kawo mu nan ba, amma ga abin da ya shafi direba: gonar da a da fili ce fetal bayan girbi, yanzu tana da gawo da kalgo da sabarar da aka rena da gangan, kuma suna da masu su. Yanke ta cikin gona domin a miƙe hanya ya zama ɓarna, ko da kaka ta wuce.

Na'urar hamada

An harba tauraron farko na GPS a 1978 domin rundunar sojan Amurka. Na'urar hannu ta farko da aka sayar wa jama'a, Magellan NAV 1000, ta fito a 1989, tsarin kuma ya cika da taurari 24 aka bayyana kammaluwarsa a 1995. A Nijar, sunan da na'urar ta fara yi ta yi shi ne a arewa. Tenere ta daɗe da zama abin misali wajen ɓata: tawagar Berliet ta 1959 zuwa 1960 ta bar alamomin ƙarfe a hanyarta, Thierry Sabine ya ɓace a hamada a 1977 kafin ya kafa tseren Paris zuwa Dakar, a tseren 1992 kuma, wanda ya bi ta Dirku da Ngigmi, aka fara amfani da GPS. A irin wannan fili na'urar ba ta da na biyu. An ba ta matsayin rijiya, ta nuna kibiya da nisa, direba ya bi kibiya.

Wannan kibiya ce muke ganin ta ɓata tunanin mutane da yawa. Kusan duk abin da aka rubuta game da zaɓen na'ura domin tuƙi a wajen kwalta an rubuta shi ne da hamada, ko duwatsu, ko dajin da ba kowa a zuci. A ƙasar Gangara wanda ya bi kibiya zai ƙare a gonar wani, ko a bakin gulbi.

Har ila yau, kafin watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka tana gurɓata saƙon da farar hula ke samu da gangan, kuskuren yakan kai mita 100. A Tenere mita 100 ba kome ba ce, ana hangen abin da ake nema. A mararrabar da hanyoyi uku suka rabu cikin dogon hatsi kuwa, mita 100 ita ce dukan tambayar. Ba mamaki ke nan da na'urar ba ta shigo kudancin Maraɗi ta hannun direbobi ba.

Burtali da gona

Ta shigo ne ta hannun masu awo, kamar kakanta. A watan Oktoba na 1991 an kashe mutum fiye da 100, galibinsu mata da yaran Fulani makiyaya, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, sakamakon rikici tsakanin manoma da makiyaya. Ran 2 ga Maris 1993 aka fitar da dokar da ta shimfiɗa ƙa'idojin tsarin karkara, wato Code rural, wadda ta tanadi kwamitocin kula da filaye da ake kira Cofo. Daga ƙarshen shekarun 1990 shirin PASEL, da tallafin ƙasar Suwis, ya shiga aikin shata burtulla a jihar Maraɗi: a zauna da sarakuna da manoma da makiyaya, a amince da iyaka, a kafa turakun siminti, a rubuta matsayinsu. A ƙasar Agye kuma, inda asusun FIDA ya tallafa wa ayyukan raya karkara tun shekarun 1990, shirin PPILDA da ya fara a 2005 ya gwada awon gonakin Ɗan Saga ɗaya bayan ɗaya da GPS domin a ba masu su takardun shaida. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ƙara tabbatar da cewa yawon makiyaya hakki ne.

Motocin waɗannan ayyuka, waɗanda mutanen karkara ke kira motocin furoje, su ne suka fara yawo da na'urar a yankin. Amma tana cikin jakar ma'aikaci ne, ana fiddo ta idan an isa. Wanda ke kai motar wurin shi ne direban da ya san ƙasa, ko yaron da maigari ya haɗa su da shi ya zauna gaba yana nuni da hannu. Jagaba bai mutu ba, kujera kawai ya canza.

Wannan tarihi yana da wani sakamako da ɗalibai ba su cika lura da shi ba. Baƙon da ya sauko daga farar mota ya tsaya a gefen gona yana danna na'ura, ba a ɗaukarsa mai neman hanya. Ana ɗaukarsa mai awo, awo kuwa a ƙasar da gona ta yi ƙaranci magana ce babba. Shi ya sa sauka gidan maigari kafin a fiddo na'ura ya fi ƙarfin ladabi kawai.

Zaɓe da ɗauri

Idan an yarda da abin da ya gabata, zaɓen na'ura ya yi sauƙi. Ingancin awo ya daina zama abin muhawara: wayar hannu ta yau tana karɓar saƙon GPS tare da na GLONASS da Galileo da BeiDou, kuskurenta ƴan mitoci ne a fili, kuma ba ta bukatar layin waya domin ta san matsayinta, in dai an sauke taswirar tun daga gari. Abin dubawa shi ne ko na'urar tana rubuta sawun tafiya, tana ajiye shi da kwanan wata, tana kuma barin a miƙa shi ga wani. Sawun da mota ta bari a makon jiya ya fi kowace taswira da aka saya daraja, domin shi kaɗai ne ya ɗauko wani abu daga ilimin jagaba. Sawun da ba shi da kwanan wata kuwa tarko ne: na Fabrairu ba ya aiki a Agusta. Taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a 2004, tana da amfani, amma yawancin hanyoyin karkarar da ke cikinta an kwafo su ne daga hoton sama, hoton kuma na rana ɗaya ne.

Na'urorin mota da aka ƙera domin birane, masu magana suna cewa a juya dama ko hagu, su ne mafi rashin amfani. Sukan jawo matsayin mota su manna shi a kan hanyar da suka sani mafi kusa, ko da motar ba a kanta take ba. Tsohuwar na'urar hannu irin ta Garmin eTrex, mai cin batura biyu da ake samu a kowace kasuwar ƙauye, ta fi su gaskiya, kuma tana jure ƙura da faɗuwa. Muna ganin ya kyautu a riƙe biyu: waya domin faɗin fuska da hoton sama, na'urar hannu domin rubuta sawu ba yankewa.

Game da ɗauri, abokan gaba uku ne: rana, gargada, da ƙura. Na'urorin farko sai da eriya mai maganaɗisu a kan rufin mota, domin ƙarfen rufi yana tare saƙo. Na yau suna ji daga bayan gilashin gaba, amma nan ne wurin da ya fi ko'ina zafi a mota. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin inuwa ke wuce digiri 40, wayar da aka manna a gilashi takan daina cajin kanta, ta rage haske, ta mutu. Mariƙin roba mai tsotsar gilashi kuwa ba ya daɗewa a hanyar marmara mai gargada. Mariƙin da aka ɗaure da kusa ko maƙala a jikin allon gaba, ƙasa da inda rana ke bugawa, mai gajeren hannu domin kada ya yi ta rawa, shi ne ke kai yamma. Kuma a ɗaura shi a gaban wanda ke zaune kusa da direba. Direban da ke cikin rairayi idonsa na kan ƙasa, ga yara, ga awaki, ga amalanke.

Suna da alƙalami

Saura matsalar da ta fi shafar mu masu nazarin harshe da tarihi. Na'ura ba ta san suna ba, alƙaluma ta sani. Mutane kuma ba su san alƙaluma ba. Wanda ya nemi Gangara a takardun hukuma zai same ta ƙarƙashin Tasawa kafin a kafa gundumar Agye a 1972, ƙarƙashin Agye daga nan, ƙarƙashin Gazawa kuma tun 2011 da aka ɗaga ta ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ga kuma wata Gangarar daban a ƙasar Tanut, jihar Damagaram, da nisan fiye da kilomita 100. Daɗin daɗawa, rubutun Faransanci da ke cikin na'ura ya ce Gazaoua, Aguié, Guidan Roumdji, bakin mai gari kuma ya ce abin da muka rubuta a sama. Sabon Gari da Gidan Wane da Garin Wane ba su ƙirguwa, ƙauye ɗaya kuma yakan amsa sunan wanda ya kafa shi a wurin maƙwabta, ya amsa wani a takardar haraji.

Alƙaluman ma suna da nasu yare. Tsofaffin taswirorin IGN an gina su a kan siffar duniya ta Clarke 1880, GPS kuwa a kan WGS 84, bambancin yakan kai mita 100 ko fiye. Wannan ƙarami ne a kan wanda ke biye. Digiri 13 da minti 30 daidai yake da 13,50 a rubutun goma-goma. Wanda ya kwafe shi daga tsohon rahoto ya shigar da 13,30 ya kawar da ƙauyensa kudu da kimanin kilomita 22, wanda a ƙasar Gangara yana iya jefa shi hayin iyaka, cikin jihar Katsina. A da wannan abin dariya ne da jami'an kwastan. Tun daga 2019, lokacin da hare-haren ƴan bindiga suka koro dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa ƙasar Gidan Rumji, ya daina zama haka. Tambayar da ayarin 1851 ya yi kafin ya bar Gazawa, ko an ga mahara a hanya, ta dawo bakin direbobi a wasu sassan iyakar, kuma ana samun amsarta ne a tasha, da fadar sarki, da bakin masu kabu-kabun da suka dawo da safe.